Jami'ar da aka gina da kuɗin diyya: me ya haɗa 'yan mishan da Sinawa faɗa a 1900?

Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata na bakwai ke nan a birnin Taiyuan na lardin Shanxi ina karatu. Jiya muna cin abinci da wani abokin ajina Basine, sai ya ce mini wai Jami'ar Shanxi da kuɗin jinin Turawa aka kafa ta. Na ɗauka zolaya ce, ya ce shi ba wasa yake yi ba: a 1900 an karkashe 'yan mishan a garin nan, maza da mata da yara, aka ci lardin tara, da kuɗin aka gina makaranta. Don Allah masana, me ya kai 'yan mishan tsakiyar ƙasar Sin a wancan zamani? Kuma me suka yi har aka yi musu irin wannan kisa?

Alhaji Ilu Maraɗi: Wa alaikumus salam ɗana. Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda Bature ya je, littafi ke gaba, bindiga na biye. Sinawa sun gane haka da wuri, shi ke nan labarin.

Mama Saratu: Alhaji, tun ba a fara ba har ka yanke hukunci? Yaron nan ya ce har da yara aka kashe. Su wace bindiga suka ɗauko?

Malam Habu: Nura, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Ranar 9 ga Yuli 1900 aka kashe Turawa fiye da arba'in a Taiyuan, Furotesta da Katolika, zamanin gwamna Yuxian. Da ƙura ta lafa, wani ɗan mishan na Baptis mutumin Wales, Timothy Richard, ya ba da shawara kada a raba wa mishan kuɗin. Ya ce lardin ya biya tael 500,000 (tael ma'aunin azurfa ne da Sinawa ke lissafin kuɗi da shi) cikin shekara goma a kafa makarantar ilimin zamani. A 1902 aka buɗe ta.

Amma in kana son ka fahimci kisan, sai mun koma baya shekara casa'in da uku. Ɗan mishan na Furotesta na farko da ya taka ƙasar Sin shi ne Robert Morrison, ya sauka Canton, wato Guangzhou, a 1807. A lokacin doka ta hana wa'azin Kirista, ta kuma hana Basine ya koya wa baƙo harshensu. Don ya samu izinin zama sai ya kama aikin tafinta a kamfanin Ingilishi na East India. Shi da William Milne suka fassara Littafi Mai Tsarki, aka buga a 1823. Ya yi shekara 27 yana aiki, ya mutu a 1834, mutanen da ya yi wa baftisma kimanin goma ne kacal. Ku riƙe wannan: kamfanin da ke biyansa albashi shi ne ke da ofiyom ɗin Indiya, wani abin maye, da ake fasa-ƙwaurinsa zuwa Sin. Tun ranar farko igiyar ta riga ta harɗe.

Alhaji Ilu Maraɗi: To Mama Saratu kin ji. Ba ni na faɗa ba.

Malam Habu: Dakata Alhaji, ban kai ba. Akwai wanda ya fi Morrison shiga ciki, wani Bajamushe Karl Gützlaff. Shi a shekarun 1830 jirgin masu sayar da ofiyom yake bi yana musu tafinta, su suna sauke kaya shi yana raba takardun wa'azi a gaɓar teku. Sai aka yi yaƙin ofiyom na farko, 1839 zuwa 1842, bayan kwamishina Lin Zexu ya lalata akwati kusan 20,000 na kayan Turawa. Ingila ta ci yaƙi, ta karɓi Hong Kong, aka buɗe tashoshin ruwa biyar: Canton, Xiamen, Fuzhou, Ningbo da Shanghai. 'Yan mishan suka shiga waɗannan biyar. Yaƙi na biyu, 1856 zuwa 1860, shi ya buɗe musu cikin ƙasa baki ɗaya. Yarjejeniyar Tianjin ta 1858 da ta Beijing ta 1860 suka ba su damar yawo da wa'azi, kuma ko Bature ya yi laifi alƙalin Sin ba shi da ikon yi masa shari'a, sai ƙaramin jakadan ƙasarsa. Takardun da suka halatta cinikin ofiyom da waɗanda suka halatta wa'azi duk a yaƙi ɗaya aka sa musu hannu, yaƙin da a cikinsa aka ƙone fadar sarki ta bazara. Ka sa kanka a matsayin malamin Sin mai ilimin Confucius, babban malamin Sinawa na dā, a wancan lokaci, yaya za ka raba su?

Bulus: Malam Habu, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ni ma haka nake koyar da shi a makarantar tauhidi, ba na ɓoye wa ɗalibai. Amma ka tsallake rabin labari. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a Ingila cewa cinikin ofiyom abin kunya ne, 'yan mishan ne da magoya bayansu. Su ne suka buɗe gidajen raba mutane da shan sa. Peter Parker ya buɗe asibitin ido a Canton a 1835. Kuma wannan Timothy Richard da ka ambata, lokacin babbar yunwar 1876 zuwa 1879 da ta ci mutum miliyan tara ko fiye a arewacin Sin, yana cikin Shanxi ɗin nan yana raba agaji gida gida. Makarantun 'yan mata, yaƙi da ɗaure ƙafar mata tun suna ƙanana, duk da hannunsu a ciki.

Garba Guangzhou: Ni ba masani ba ne, ɗan kasuwa ne, shekara goma sha ɗaya ina zuwa nan sayen kaya. Abin da zan iya shaida shi ne har yau in ka taɓo wa Basine zancen yaƙin ofiyom fuskarsa sauyawa take yi. Suna kiran wancan zamani ƙarnin wulakanci, tun daga firamare ake koya musu. Asibitin da Malam Bulus ya ambata kuwa, jikokinsa na nan a garin nan suna aiki. Duka biyun suna nan kafaɗa da kafaɗa.

Hajiya Binta: Ni abin da ban gane ba, in har suna ba da magani da abinci, me ya sa talaka zai tsane su? Mai mulki na gane dalilinsa. Talaka fa?

Malam Habu: Hajiya, wannan ita ce tambayar, kuma amsarta a ƙauye take, ba a fadar sarki ba.

A ƙauyen Sin, kowace shekara ana tara kuɗi a yi bikin ɗakin bauta, a gayyato masu wasan kwaikwayo, a yi roƙon ruwa. Wanda ya zama Kirista sai ya ce shi ba zai ba da ko anini ba, bautar gumaka ce, kuma gwamnati ta yafe masa a bisa matsin Turawa. Kason da ya ƙi biya sai ya hau kan maƙwabta. Sannan ya daina yi wa kakanni hidima a gaban allunan sunayensu, wanda a wurinsu daidai yake da mutum ya ce ba shi da uba. Uwa uba shari'a. In rikicin gona ya haɗa Kirista da wanda ba Kirista ba, Bature ya rubuta wa alƙali takarda, alƙali ya san in ya yi gardama magana za ta kai wurin jakada, daga nan ta kai Beijing, rawaninsa ya faɗi. Sai ya ba Kirista gaskiya. Da mutane suka ga haka, wasu ɓata-gari suka riƙa shiga coci don neman inuwa, ba don imani ba. Akwai ma waɗanda ake wa laƙabi da Kiristocin shinkafa.

Sai jita-jita. Gidan marayu na karɓar jarirai marasa lafiya, da yawa suna mutuwa, ana binne su a bayan katanga, likita na ajiye sassan jiki a kwalba. Sai aka ce Turawa na ƙwaƙule idon yara suna haɗa magani. Wannan magana ce ta jawo kisan Tianjin a Yuni 1870, inda aka kashe ƙaramin jakadan Faransa da sistoci goma. A shekarun 1890 wani jami'i a lardin Hunan, Zhou Han, ya riƙa buga hotuna yana zana Yesu a siffar alade, saboda kalmar Ubangiji da kalmar alade sun yi kama a furucinsu.

Bulus: A nan sai na yi gyara. Shiga shari'a ya fi yawa a ɓangaren Katolika, domin Faransa ta ɗauki kanta uwar ɗakinsu. A 1899 gwamnatin Sin ta ba limaman Katolika daraja daidai da ta jami'anta, bishop ya zama tsaran gwamna. Furotesta suka ce ba sa so. Kuma abin da ya faru a Juye a Nuwamba 1897, da aka kashe limaman coci biyu Jamusawa, Jamus ta fake da shi ta ƙwace tashar ruwa ta Qingdao, su ma Katolika ne.

Yakubu K.: Malam Bulus, ni Katolika ne, kuma ba zan bari ka wanke hannunka da rigarmu ba. Yangzhou fa a 1868? Ba Hudson Taylor naku ba ne aka far wa gidansa, ƙaramin jakadan Ingila na Shanghai ya taho da jiragen ruwan yaƙi har Nanjing don a hukunta gari? Kucheng fa a 1895, da aka kashe mutum goma sha ɗaya na mishan ɗin Anglika, su Robert Stewart da matarsa da yara? Ba Turawa suka zauna a kan binciken har aka sare kawunan mutane ba?

Bulus: Na karɓi Yangzhou, ɗan'uwa. Har majalisar dattawan Ingila sai da aka zagi 'yan mishan a kan wannan, ana cewa za su jawo wa ƙasa yaƙi. Amma ka duba abin da Taylor ya koya daga nan. Mutumin da ya kafa China Inland Mission a 1865, ya aske gaban kansa ya bar dogon tukku irin na Sinawa, ya sa rigarsu, har 'yan'uwansa Turawa na yi masa dariya a Shanghai. Ƙa'idar mishan ɗinsa ita ce kada a nemi kariyar jakada, kada a nemi ramuwa. A 1900 su suka fi kowa asara: manya 58, yara 21. Ya ce ba za su karɓi ko kwabo na diyya ba, na rai ko na dukiya.

Alhaji Ilu Maraɗi: Bai karɓa ba, amma da wace takarda ya shiga cikin ƙasar? Ba da wadda bindiga ta samo ba? Wanda ya ci naman da ɓarawo ya yanka, ko bai riƙe wuƙa ba ai ya ci.

Mama Saratu: Alhaji, da wannan ma'auni babu wanda zai tsira. Kai da fasfon wa kakanka ya je Makka zamanin Faransa?

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Tarihin Sin muke, ba a taɓa iyaye da kakanni. Alhaji, Mama, ku manya ne a nan.

Mama Saratu: Na janye, Alhaji ka yi haƙuri. Zafin zancen yara ne.

Alhaji Ilu Maraɗi: Ba komai Mama. Kuma ban ce kashe yaro daidai ne ba, Allah ya kiyaye. Addinina ya hana ko a fagen yaƙi.

Nura: Malam Habu, su waye ainihin waɗanda suka yi kisan? Abokina yana ce musu Yihetuan.

Malam Habu: Su ne Turawa suka sa wa suna Boxers, wato 'yan dambe, saboda motsa jikin da suke yi a dandali. Samarin ƙauye ne na lardin Shandong, galibi manoma. In kana son ka hango su, haɗa 'yan tauri da 'yan bori wuri ɗaya. Suna karanta wasu kalmomi, su ƙona takarda su sha tokarta, sai wani jarumi na cikin tatsuniyoyinsu ya hau kan mutum, ya tashi yana cewa ƙarfe ba ya cinsa, harsashi ba ya huda shi. Takensu shi ne a taimaki daular Qing mai mulkin Sin, a hallaka na waje.

Abin da ya hura wutar shi ne yanayi. Rawayen Kogi ya yi ambaliya a 1898, sai fari ya biyo baya a 1899 har cikin 1900. Manomi ba shuka, yana zaune yana kallon sama. Sai aka ce ai coci-coci ne suka toshe sama, layin dogo da wayar tangarahu sun ɓata wa ƙasa rai, ruwa ba zai sauko ba sai an share baƙi. A ƙarshen Disamba 1899 aka kashe wani matashin ɗan mishan na Anglika, Sidney Brooks, a Shandong. Gwamnan lardin a lokacin da abin ke tsiro shi ne Yuxian, Turawa suka matsa aka cire shi, aka kawo Yuan Shikai wanda ya murƙushe 'yan damben a can. Shi kuma Yuxian aka kai shi ina? Shanxi, inda kake zaune yanzu.

Sarauniya Cixi mai riƙe da mulki ta daɗe tana jinkiri, daga baya ta jefa ƙuri'arta tare da su. Ranar 20 ga Yuni aka harbe jakadan Jamus, von Ketteler, a titin Beijing. Washegari ta shelanta yaƙi. Aka yi wa unguwar jakadu ƙawanya kwana 55, har 14 ga Agusta da rundunar ƙasashe takwas ta iso: Ingila, Amurka, Faransa, Jamus, Rasha, Japan, Italiya da Ostiriya. Wani abin lura, wanda ya tsara ganuwar kariya a ofishin jakadancin Ingila ɗan mishan ne na Methodist, Frank Gamewell, da ya taɓa karatun injiniya. Kuma manyan gwamnonin kudu, su Li Hongzhang da Zhang Zhidong da Liu Kunyi, suka yi kunnen uwar shegu da umarnin yaƙin, shi ya sa jinin ya fi zuba a arewa.

Ummi: Malam, na taɓa jin wai akwai Musulmi a cikin yaƙin nan. Gaskiya ne?

Malam Habu: Gaskiya ne 'yata, kuma a ɓangare biyu. Rundunar Gansu ta Janar Dong Fuxiang, wadda mafi yawan sojojinta Musulmi ne, tana cikin waɗanda suka fi matsa wa unguwar jakadu. Su suka kashe ma'aikacin jakadancin Japan, Sugiyama, ranar 11 ga Yuni. Kwamandansu Ma Fulu a faɗan Beijing ya mutu. A ɗaya gefen kuma, wani ɗan mishan na Kanada, Jonathan Goforth, yana gudu da iyalinsa daga Henan aka tare su aka sassare shi da takobi. Matarsa ta rubuta cewa mutanen wani ƙauyen Musulmi ne suka ɓoye su, suka ba su abinci, suka kula da rauninsa.

Ummi: Ikon Allah. Wannan ban taɓa ji ba.

Mama Saratu: Ni yanzu a faɗa mini adadi. Mutum nawa aka kashe?

Bulus: Mama, a ɓangaren Furotesta, Turawa manya 136 da yara 53. A Baoding kaɗai mutum goma sha biyar cikin kwana biyu, ƙarshen Yuni da farkon Yuli. Katolika fada da sistoci da sauransu 47. Amma ga inda nake jin kunya in na zo koyarwa: Kiristoci Sinawa da aka kashe sun kai 30,000 ko fiye. Mafi yawansu Katolika, Furotesta kimanin 2,000, sai 'yan Orthodox fiye da 200 a Beijing. 'Yan damben suna kiran Bature babban mai gashi, Basine Kirista kuma mai gashi na biyu.

Mama Saratu: Dubu talatin? To mu da muka yi sa'a biyu muna ta Taylor da Morrison da Stewart, ba wanda ya kira sunan Basine Kirista ko ɗaya.

Yakubu K.: Wallahi Mama kin taɓo inda yake ciwo. Bature in ya tsira yana da jirgi, yana da jakada, yana da jarida a Landan da za ta buga hotonsa. Shi manomin da ya karɓi addini, bayan an gama komai, a ƙauyen nan zai ci gaba da zama da mutanen da suka kashe masa ɗa. Fafaroma ya ayyana mutum 120 a matsayin waliyyan Sin ranar 1 ga Oktoba 2000, 87 daga cikinsu Sinawa ne. Gwamnatin Beijing ta fusata matuƙa, domin ranar ta zo daidai da ranar kafa Jamhuriyarsu.

Malam Habu: Sunan Basine kuke nema? Ga Liang Fa, mai sassaƙa allunan ɗab'i da ya yi aiki da Milne, wanda Morrison ya naɗa mai wa'azi a 1823. Takardunsa ne suka faɗa hannun wani da ya yi ta faɗuwa jarrabawar aikin gwamnati, Hong Xiuquan. Mutumin nan ya karanta, ya ce shi ƙanen Yesu ne, ya ta da tawayen Taiping, 1850 zuwa 1864, da ya ci rayuka miliyan ashirin ko fiye. Ba 'yan mishan suka aike shi ba, da yawansu ma sun ce bidi'a ce yake yi. Amma masu mulkin Sin ba su manta cewa daga takardar wa'azi wutar ta tashi ba. Duk wanda ke mamakin ƙiyayyar malaman Confucius ga coci ya sa wannan a lissafi.

Alhaji Ilu Maraɗi: To a faɗi abin da Turawan suka yi da suka shiga Beijing mana. Ko shi ba a cikin tarihi yake ba?

Malam Habu: Yana ciki Alhaji, kuma ba shi da daɗin ji. An wawashe birnin, sojoji da jakadu da 'yan kasuwa. Sarkin Jamus Wilhelm na biyu, da yake sallamar sojojinsa a Yuli 1900, ya umarce su kada su yi afuwa, kada su kama fursuna. Suka iso bayan an gama yaƙi, suka shiga ƙauyuka suna ƙonawa da sunan horo. A Satumba 1901 aka ɗora wa Sin diyyar tael miliyan 450, wato kamar tael ɗaya a kan kowane Basine, a biya cikin shekara 39 da ruwa kashi huɗu cikin ɗari. Yuxian kuwa an sare kansa a 1901.

'Yan mishan ma ba duka suka fita da hannu fari ba. William Ament na mishan ɗin Amurka ya zaga ƙauyuka yana karɓar diyya don Kiristocin da aka ƙona wa gidaje. Jarida ta ruwaito cewa ninki goma sha uku yake karɓa, daga baya aka ce kuskuren waya ne, kashi ɗaya cikin uku yake ƙarawa a kai don zawarawa da marayu. Marubucin nan na Amurka Mark Twain ya yi masa kaca-kaca, ya ce ko kashi ɗaya cikin ukun ne, karɓa daga wanda ba a tabbatar da laifinsa ba ƙwace ne.

Bulus: Ament yana da hujjarsa, Malam. Mutane ɗaruruwa ne a hannunsa ba gida ba abinci, sanyi na tafe, ba gwamnati. Ban ce ya yi daidai ba. Amma ni a ganina kuskuren ba a 1900 aka yi shi ba. An yi shi ranar da aka yarda a sa wa'azi cikin yarjejeniyar yaƙi. Daga ranar, duk Basinen da ya shiga coci an ɗaura masa tutar wata ƙasa a ka ko yana so ko ba ya so. Kariyar da aka ce an ba shi ita ce ta nuna wa maƙwabta inda gidansa yake.

Alhaji Ilu Maraɗi: Malam Bulus, da ka fara da wannan da ba mu yi doguwar gardama ba.

Bulus: Ba abu ɗaya muke faɗa ba Alhaji. Kai ka ce 'yan leƙen asirin mulkin mallaka ne. Ni na ce mutane ne masu imani da suka yarda su zauna a inuwar da bai kamata ba. Matar da ta bar Ingila tana da shekara ashirin da 'yan kai ta je ƙauyen Shanxi ta koyi harshe, ta binne 'ya'yanta a can, ba don sarauniyar Ingila ta yi ba.

Alhaji Ilu Maraɗi: Niyyarta tsakaninta da Ubangijinta. Ni sakamako nake kallo.

Hajiya Binta: Wani abu ya faɗo mini. Ba a wannan shekarar ba ce 'yan mishan suka zo Kano?

Mama Saratu: Ita ce Hajiya, mu mutanen Wusasa mun san wannan. Bishop Tugwell da Likita Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglika, suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su tattara su fita. Suka fita, ba wanda ya taɓa su. Daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya, mishan ta koma Wusasa a 1929. Kuma CMS ɗin nan ita ce ta su Stewart na Kucheng.

Bulus: Ƙari a kan haka, SIM, wato Sudan Interior Mission, da ta haifi ECWA, wadda Bingham da Gowans da Kent suka fara a 1893, a kan tsarin mishan ɗin Taylor aka gina ta: ba albashi tsayayye, ba ɗarika ɗaya, a kutsa cikin ƙasa a bar gaɓar teku. Ko sunan ma ka ji kama. Bambancin shi ne a nan Turawan mulki suka taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautu, bayan alkawarin da Lugard ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba. A Sin kuwa jakadu ne ke buɗe musu ƙofa da ƙarfi.

Malam Habu: Kwatancen ya tsaya nan dai, kada mu ja shi ya tsinke. Sin ba a taɓa mallake ta gaba ɗaya ba, gwamnatinta na nan, rauni ne kawai ya kama ta.

Garba Guangzhou: To bayan wannan kisa sai suka gudu ke nan?

Malam Habu: Ina! Ƙaruwa suka yi. Kafin 1900 ba su kai 3,000 ba, zuwa tsakiyar shekarun 1920 sun haura 8,000, ga jami'o'i irin su Yenching a Beijing da St. John's a Shanghai. Amurka ta mayar da wani kaso na diyyarta a 1908 aka riƙa tura ɗalibai karatu, daga nan makarantar Tsinghua ta samo asali a 1911. Sai guguwa ta sake tashi, wannan karon ba ta manoma masu layu ba, ta ɗaliban jami'a masu kishin ƙasa. A Maris 1927 aka kashe John Williams, mataimakin shugaban Jami'ar Nanjing, dubbai suka bar cikin ƙasa. Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949, zuwa 1953 kusan ba sauran ɗan mishan a Sin.

Bulus: Amma coci ba ta bi su jirgi ba. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1919 har yau ita ake karantawa, kuma Furotesta a Sin yanzu ana lissafa su da miliyoyi masu yawa, alhali a 1900 kimanin 100,000 ne. Abin dariya, cocin da gwamnati ta amince da ita tana tafiya ne da taken riƙe kai, ciyar da kai, yaɗa kai. Wanda ya fara wannan tunani Henry Venn ne, sakataren CMS, mutumin da ya tsaya aka naɗa Ajayi Crowther bishop a 1864.

Alhaji Ilu Maraɗi: Wato sai da Bature ya tafi abin ya yi albarka. Wannan ai hujjata ce ba taka ba.

Bulus: Hujjar mu biyu ce Alhaji, kowa ya ɗauki rabinsa.

Nura: Na gode ƙwarai iyayena, na ƙaru. Ranar Asabar ba mu da darasi, abokin nawa ya ce zai kai ni tsohon gari inda fadar gwamna take a da. Zan ɗauko hotuna in Allah ya yarda.

Mama Saratu: Nura ɗana, in ka je ka ga wani dutse ko allo da aka rubuta sunaye, ka sa abokinka ya karanta maka. Na Turawan muna da su a littafi. Ka tambaye shi ko akwai na Sinawan, ka rubuto mana ko guda biyar ne.

Nura: To Mama, zan tafi da biro da takarda.